Rediyon Ƙasa Ya Zama Mai Baki Da Kunne

Jawabin da aka yi a taron rassa, a karanta wa jama'a ran kasuwa.

Maganarmu ta yau a kan rediyo take.

Ku tuna, a 1958 aka buɗe gidan Rediyo Nijar a Yamai, wanda aka sake wa suna Muryar Sahel a 1974. Kafin nan, a 1957, BBC ta fara magana da Hausa daga Ingila. Mu malaman lakkol mun san waɗanda suka iya karanta takarda ba su da yawa a karkara. Amma wa ya rasa kunne? Abin da jarida ba ta kai ba, akwati ɗaya a gindin bishiya ya kai shi.

To, rediyon ƙasa na wane ne? Na mai biyan haraji ne. Saboda haka tilas ya yi masa aiki. Manomi a Tasawa yana son ya ji nawa ake sayen wake a Maraɗi, kada dillali ya cuce shi. Mai albasa a Galmi yana son labarin hanya da na mota. Makiyayi yana son ya san ranar allurar shanu. Uwa tana son a gaya mata alamun sanƙarau tun yaro bai sanƙare ba. In an cika musu kunne da tafiye-tafiyen manya da kirari, sai su murɗa akwati su nemi wata tasha. Laifin wa?

Ba sabon abu muke nema ba, an taɓa yi a ƙasar nan. A 1962 aka kafa ƙungiyoyin sauraron rediyo. Jama'a su taru da dare su ji shiri a kan magana ɗaya, kamar noma ko lafiya. In an gama, mai jagora, sau da yawa malamin lakkol ne, ya buɗe muhawara, ya ɗauki muryoyin mutane a na'ura, a aika Yamai, a sa a rediyo. Ran nan talaka ya ji muryar ɗan'uwansa talaka tana fitowa daga akwati. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba.

Ga abin da muke roƙon kowane reshe. Na ɗaya, ku tsai da dare guda a mako na sauraro tare. Na biyu, a bar mata su yi magana, kada a tsaya ga dattawa kaɗai. Na uku, wanda ya iya rubutu ya rubuta abin da aka ce, daɗi ko ɗaci, a aika gidan rediyo da sunan gari. In ba su karanta ba, a sake aikawa, har su amsa.

Kada mu gaji, 'yan'uwa. Allah ya ba mu damina mai albarka. Wassalam.