ƊINGISHIN DOKI: A NEMO DALILI KAFIN A SA HANNU

 

An ce in yi magana a kan abin da zai amfani jama'a, sai na zaɓi doki. Ni ma'aikacin gwamnati ne, aikina na ofis ne, amma a gidan da ake ɗaure doki na tashi, kuma na san da yawa daga cikinku haka kuke. Duk wanda ya taɓa kallon hawan Salla a ƙofar fadar Sarkin Mafara, ko ta Sarkin Burmin Bakura, ko ta Sarkin Kayan Maradun, ya san darajar doki a ƙasar nan. To, babu abin da ke raba mutum da dokinsa da sauri kamar ɗingishi.

A al'adarmu, idan doki ya soma ɗingishi, maɗori ake kira. Ya shafa mai, ya tausa, ya ja ƙafa, ya ɗaure. Wasu har ƙona wurin suke yi da ƙarfe mai zafi. Turawa ma suna da irin nasu. A 1895 wani mutumin Amurka, Daniel Palmer, ya fito da hanyar gyaran kashin baya da gaɓoɓi da hannu, wadda suke kira kayirofiraktik. Daga baya aka soma yi wa dawaki, har masu yi wa dabbobi suka kafa ƙungiyarsu a Amurka a 1989. Saboda haka aikin hannu ba ƙauyanci ba ne. Yana sassauta jijiyar da ta ɗaure, yana rage ciwon bayan da mugun sirdi ya jawo.

Amma fa a lura. Doki yana ɗora kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa a kan ƙafafun gaba, kuma mafi yawan ɗingishi daga nan yake fitowa, musamman daga kofato. Idan ƙaya ko ƙusa ce ta shige, ko mugunya ta taru a ciki, ko a kwana ana tausar kafaɗa ba za a ga sauƙi ba. Ga kuma haɗari: doki na cikin dabbobin da cutar sarƙe haƙora ta fi saurin kamawa, kuma ta irin wannan huji take shiga. Ƙuna da ƙarfe kuwa sabon rauni ne a kan tsoho.

Yaya za a gane ƙafar da ke ciwo? A ja dokin ya yi sassarfa a kan ƙasa mai tauri, a tsaya a gabansa. Idan ƙafar gaba ce, zai ɗaga kai duk lokacin da mai ciwon ta taɓa ƙasa, ya sauke shi idan mai lafiyar ta taka. Sai a ɗaga ƙafar a kankare ƙasan kofaton, a duba. A taɓa a ji ko ya fi sauran zafi.

Malamanmu sun koya mana cewa a dubi abu gaba ɗayansa. Haka doki yake, abincinsa da turkensa da sirdinsa duk suna cikin lissafi. Ga abubuwa uku da suka shafe mu a nan. Na farko, mutanenmu na yankin Bakolori da fadamun Bakura su kiyaye tsayar da doki cikin laka da fitsari, domin danshi yana ruɓar da ƙasan kofato. Na biyu, a daina ɗura wa doki dawa ko gero farat ɗaya don ya yi ƙiba kafin Salla. Yawan hatsi yana kumbura naman cikin kofato, sai ka ga doki ya miƙa ƙafafun gaba, ya koma da nauyinsa baya, ya ƙi tafiya. Na uku, kofato yana tsiro kamar farce, a riƙa gyara shi duk bayan mako 6 zuwa 8.

Shawarata ita ce, idan doki ya ƙi taka ƙafa sam, ko ta kumbura, ko ya kwana 2 bai sami sauƙi ba, a nemi likitan dabbobi tukuna. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da ta Ahmadu Bello ta Zariya duk suna yaye su, kuma akwai 'ya'yanmu a cikinsu. Idan ya tabbatar ba kofato ba ne, ba karaya ba ce, to maɗori ya sa hannunsa, a kuma ba dokin hutu. Ina roƙon ƙungiyarmu ta gayyato likita guda kafin Salla mai zuwa, ya zauna da masu kula da barga da maɗoranmu, a kuma yi wa dawaki allurar rigakafin sarƙe haƙora.