Ƙamshin da Ke Raba Faɗa-wuta da Ɗan'uwansa

Bahasinmu na yau a kan faɗa-wuta ne, wannan ƙwaro da ke kewaya fitila da daddare, wanda macensa, idan lokacin aure ya yi, takan fitar da wani ƙamshi da hancin ɗan Adam ba ya riska, amma namijin kan shaƙe shi daga nesa da 'yan ƙahonnin da ke kansa, ya bi iska har ya iske ta. A shekarar 1959 Bajamushe Adolf Butenandt ya fara gano sinadarin irin wannan ƙamshi, bayan ya tace shi daga matan ƙwaron siliki kusan rabin miliyan.

To, a Turai akwai wani faɗa-wuta wanda tsutsarsa ke huda karan masara, yana da dangi biyu waɗanda ido ba ya rarrabewa, masana suka kira su E da Z. Sinadari biyu ne dukkansu ke haɗawa, amma macen Z takan sa kashi 97 na ɗaya da 3 na ɗayan, alhali macen E ta juya ma'aunin, ta sa 99 na na biyun. Kuma saboda wannan saɓani, namijin kowane dangi ya fi karkata ga matan danginsa, ko da gona ɗaya suka kwana.

Shekaru masana suna neman sababin, sai a 2010 masu bincike na Jami'ar Lund da ke Suwidin, ƙarƙashin Christer Löfstedt, suka tabbatar cewa ƙwayar gado guda ce, mai suna pgFAR, take ƙaddara ma'aunin a jikin macen. Amma abin da ya fi ɗaure mini kai, wanda kuma nake ganin nan hikimar Mahalicci ta fi bayyana, shi ne zaɓin namijin bai rataya ga wannan ƙwaya ba. Wata dabam ce, a wani wuri dabam, wadda aka bayyana a 2021 cewa tana aiki ne a jijiyoyin da ke kai saƙon ƙamshi. Mai kira da mai amsawa kowa da gadonsa, amma duk da haka sun dace kamar ƙwarya da murfinta.

Wannan ilimi ya shafe mu kai tsaye, domin tun da tsutsar wani faɗa-wuta dabam mai cin masara ta ɓulla a Nijeriya a 2016, ake kafa tarkuna masu ƙamshin mace don a kama mazan, a san yawansu kafin su yi ɓarna. Tarkon da ƙamshinsa bai dace da ƙwaron yankin ba kuwa ba zai ba da labarin gaskiya ba. Saboda haka, ya ku manoma, kafin ku sayi irin wannan tarko ku nemi shawarar malamin gona.