Hasken Da Ido Ba Ya Gani

 Yau maganar madubin likita mai aiki da hasken infrared za mu yi. Wannan hasken yana bayyana sinadaran cikin tsoka ba sai an rina ta ba. Matsalar dai kyamararsa: ga tsada, kuma galibi sai an sanyaya ta da ruwan nitrojin.

To ga dabarar da na so ku ji. A sa kiristal na lithium niobate tsakanin gilasai biyu, a harba masa leza mai nanomita 1064. Infrared mai 3000 in ya ratsa, sai ya fito wajen 785, wanda kyamarar silikon mai araha ke kamawa. Faɗin lezan ne ke ƙayyade kaifin hoton.

Ɗaliban fiziks, wa zai gwada? Mu haɗu a kwament.