Kukan Allura Ba Dalilin Fasa Rigakafi Ba Ne
Jawabi ga iyaye da malaman Tudun Jukun, Tudun Wada, Zariya



 

Sau da yawa uwa kan kai jariri rigakafi, ya dawo gida yana kuka da ɗumin jiki, sai maigida ya ce ba za a sake kai shi ba. Tausayi ne ya sa shi faɗin haka, amma yaron da aka katse wa allura bai sami cikakkiyar kariya daga ƙyanda, mashaƙo, tarin shiƙa da shan-inna ba.

Malamai sun fi mu sanin abin da ya inganta a Bukhari: Manzon Allah (SAW) yakan taƙaita salla idan ya ji kukan yaro, don tausaya wa mahaifiyarsa. Mu lura, ya sassauta ne, bai bar salla ba. Mu ma mu rarrashi yaro, kada mu bar rigakafi.

Zazzaɓi kaɗan da kumburi a gurbin allura alama ce jiki yana haɗa garkuwa. Yakan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu. Uwa ta rungume shi, ta ba shi nono lokacin allurar da bayanta, ta rage masa tufafi, ta ɗora tsumma mai tsabta da sanyi a wurin. Kada a girgiza jariri da ƙarfi don ya yi shiru. Kada a ɗura wa wanda bai kai wata 6 ba ruwa ko jiƙo. Nono ya wadatar. Magani kuwa, sai wanda ma'aikacin lafiya ya ba da.

Amma idan ya yi awa 3 yana tsala kuka ba tsayawa, ko ya ƙi kama nono, ko jijjiga ta kama shi, a garzaya asibiti mafi kusa, ko Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan.

A koma ranar da aka rubuta a kati: mako 6, mako 10, mako 14, wata 9 da wata 15. Da juriyar iyaye aka tabbatar a 2020 cewa Nijeriya ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali.

Muna roƙon limamai su tunatar da magidanta a masallatai da wuraren suna. 'Ya'ya amana ce. Allah ya raya mana su, amin.