Makomar Tafkin Chadi: Fari Ne A Gaba Ko Ambaliya?

Wannan shi ne taƙaitaccen jawabin da wani ɗan uwa mai ilimin ruwa ya gabatar wa matasa game da abin da ake hasashen zai faru da Tafkin Chadi nan gaba. A sha karatu lafiya.

Bayan sallama, mai jawabin ya fara da tunatar da 'yan uwa cewa a shekarun 1960 faɗin tafkin ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Sai aka yi farin 1973 da na 1984, ruwa ya ja baya har abin da ya rage bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba, tafkin kuma ya rabu gida biyu, na arewa da na kudu. Ya ce tafkin kamar faranti yake, ba shi da zurfi, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na ruwansa daga kogunan Chari da Logone yake zuwa. Saboda haka duk shekarar da damina ta gaza a kudu, nan da nan ake gani a bakin tafki.

Daga nan ya taɓo maganar shirin Transaqua, wanda kamfanin Bonifica na ƙasar Italiya ya tsara, wato a haƙa magudanar ruwa mai tsawon kimanin kilomita 2,400 daga rassan kogin Kongo a zuba a Chari. Ya ce a taron da aka yi a Abuja a 2018 an nuna goyon baya ga shirin, amma kuɗinsa na fitar hankali ne, mutanen Kongo da dama kuma sun ce ba su yarda a taɓa musu ruwa ba. Don haka ya gargaɗi matasa kada su jingina makomarsu da ramin da ba a haƙa ba.

Ya ci gaba da cewa hotunan tauraron ɗan Adam sun nuna tafkin bai ci gaba da ƙanƙancewa ba tun bayan shekarun 1990, ya ma ɗan farfaɗo. A 2022 ambaliya ta mamaye unguwanni a Njamena, a watan Satumba na 2024 kuma madatsar Alau ta ɓalle ta shafe sashe babba na Maiduguri. Masana da yawa na hasashen zafi zai ƙaru, ruwan sama kuma zai riƙa saukowa da ƙarfi a ɗan lokaci. Ke nan abin tsoro shi ne rashin tabbas, bana fari, baɗi ambaliya.

A nan ne ya kawo misali da aikin noman rani na Kudancin Chadi da aka kafa a yankin Marte ta jihar Borno a shekarun 1970. An tsara shi ne bisa zaton tafki zai tsaya inda yake. Da ruwa ya janye, sai aka wayi gari injinan jan ruwa da magudanai suna kan busasshiyar ƙasa. Ya ce duk wanda ya yi shiri don yanayi guda ɗaya, ƙarshensa ke nan.

Ya kuma yi nuni da cewa lamarin ya shafi har mutumin Kano, domin kogin Haɗeja, wanda aka datse rassansa a Tiga da Challawa, shi ke haɗuwa da na Jama'are su zama Komadugu Yobe mai zuba a arewacin tafkin. Ruwan da aka riƙe a sama, masunci da makiyayi na ƙasa ne ke rasa shi.

Game da abin da ke tafe, ya ce yana ganin famfon ban-ruwa mai aiki da hasken rana zai yawaita, haka ma irin shuka mai saurin nuna da saƙon gargaɗin ambaliya ta wayar hannu. Amma ya yi tambaya: wa zai auna ruwan ƙarƙashin ƙasa kafin a zuƙe shi? Wa zai gyara famfon idan ya lalace?

A ƙarshe ya yi kira ga matasa da su dage da lissafi da kimiyya, su koyi aikin hannu, kada su zama 'yan kallo a kan ruwan da iyayensu ke rayuwa da shi. Mai kwarmin ido, in ji shi, da wuri yake fara kuka. Allah Ya sa mu dace.