Jirgin Ruwa Mai Tafiya da Iska: Darasi ga Mutanen Tudu



Wataƙila wani zai ce, me ya haɗa ɗan Batsari ko Safana, wanda ya tashi a bakin dajin Rugu, da jirgin da attajiran Turai ke shaƙatawa da shi a teku? Amsa ita ce, ruwa bai yi mana nisa kamar yadda muke zato ba. A kudu ga madatsar Zobe a kan kogin Karaduwa a ƙasar Dutsin-ma, wadda aka kammala a 1983, a arewa kuma ga madatsar Jibiya a kan kogin Gada. Bugu da ƙari, kakanninmu da suka tafi aikin Hajji a ƙasa ta Chadi da Sudan, da yawansu a jiragen iska suka ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda. Saboda haka bari mu duba yadda ake ƙera irin wannan jirgi, sannan mu auna namu da shi.

Jirgin shaƙatawa na doguwar tafiya yakan kai tsawon mita 12 zuwa 15. A da katako ake yin gangar jikinsa, yanzu kuwa galibi da zaren gilashi da aka haɗa da wani danƙo mai sandarewa, wani lokaci da ƙarfe ko alminiyam. A cikinsa akwai ɗakunan kwana, da wurin girki, da makewayi, da tankunan ruwan sha, da ƙaramin injin dizal don shiga tasha ko ranar da iska ta kwanta. Har murhun ma a rataye yake, yadda ko jirgi ya karkata tukunya ba za ta tuntsure ba.

A tsakiyarsa an kafa dogon ginshiƙi mai ɗauke da manyan yaduka biyu masu kusurwa uku, ɗaya gaba ɗaya baya. Abin lura shi ne, yadin nan yana aiki kamar fiffiken jirgin sama: iska tana bin bayansa mai lanƙwasa ta jawo shi, don haka jirgin yana iya tafiya kusan digiri 45 daga inda iska ke fitowa. Matuƙi sai ya yi ta karkata dama da hagu har ya isa inda ya nufa. In iska ta yi ƙarfi kuwa, akan naɗe wani sashe na yadin tun kafin hadari ya iso.

To, amma babban sirrin jirgin ido ba ya ganinsa, domin yana ƙarƙashin ruwa. Can a gindinsa an liƙa wani faffaɗan allo mai kama da takobi, an cika shi da darma ko ƙarfe, nauyinsa yakan kai sulusin nauyin jirgin duka, ko fiye. Aikinsa biyu ne: yana hana iska ture jirgi a kaikaice, sannan duk lokacin da jirgi ya karkata, nauyin nan yana jawo shi ya miƙe. Haka kuma ƙofofinsa suna rufuwa ƙam, wurin zaman matuƙi yana da magudanan da ke mayar da ruwa teku, akwai famfon kwashe ruwa, da rigar hana nutsewa ga kowane mutum. Da jirgi mai kimanin mita 11 kacal Joshua Slocum ya kewaye duniya shi kaɗai daga 1895 zuwa 1898. Tun 1986 kuma masu irin waɗannan jirage ke taruwa a tsibiran Kanari suna ƙetare tekun Atlantika, tafiyar kusan mako uku.

Yanzu sai mu waiwayo gida. Kwale-kwalenmu ba shi da wannan nauyi a gindi, bakinsa a buɗe yake, kuma tsaronsa duka ya dogara ga faɗinsa da tazarar da ke tsakanin bakinsa da ruwa. Idan aka jibga masa buhuna da babura, mutane suka hau saman kaya, nauyi ya koma sama, tazarar nan ta ragu, sai ƙaramar igiyar ruwa ko motsin fasinjoji zuwa gefe guda ya kifar da shi. A watan Mayu na 2021 jirgi ya nutse a kogin Kwara kusa da Warra ta jihar Kebbi ɗauke da mutum fiye da 150, aka yi asarar rayuka masu yawa. A ƙarshen Nuwamba na shekarar, wani ya kife a madatsar Watari ta Ɓagwai a jihar Kano, fiye da mutum 20 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya. Allah ya jiƙansu. Lalle ajali ba ya wuce lokacinsa, amma an umarce mu da riƙon sababi, kuma ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Ingila ma ta sha irin wannan ɗaci, har Samuel Plimsoll ya matsa wa majalisa ta yi dokar 1876, wadda ta sa a zana layi a jikin jirgi don a ga iyakar lodi. Wannan layi fenti kawai yake bukata. Saboda haka muna kira ga ɗalibanmu na fannin injiniya su zauna da maƙeran jirage, su auna abin da kowane jirgi zai iya ɗauka, su gwada ɗaure jarkoki marasa komai a ƙarƙashin kujeru domin ko ya cika da ruwa kada ya nutse. Ku kuma ma'aikata, musamman na ƙananan hukumomi, ku haɗa kai da sarakunan ruwa da hukumar NIWA mai hedkwata a Lakwaja, a zana layin lodi, a rubuta adadin fasinja, a hana tafiyar dare, a tanadi rigar hana nutsewa kafin a karɓi kuɗin kowa.