Ƙaramin Jirgin Wushishi

 Yau maganar jirgin ƙasa za mu yi, amma ba wanda ya iso Kano a 1911 ba. Akwai wanda ya riga shi shigowa Arewa.

A 1901, Gwamna Lugga ya sa aka shimfiɗa siririn layin dogo daga Wushishi zuwa Zungeru, daga baya aka miƙa shi Barijuko, bakin kogin Kaduna. Faɗinsa ƙafa biyu da rabi kacal. Kan jirgin ɗan ƙarami ne, da wuta da tururi yake tafiya. Aikinsa? Kwaso kayan gwamnati da na soja daga jiragen ruwa zuwa hedikwatar Turawa.

Ku riƙe wannan, jama'a. Zungeru ce hedikwata lokacin da aka ci Kano da yaƙi a 1903. Kafin jirgi ya ɗauki gyaɗarmu, sai da ya ɗauki kayan masu cin ƙasarmu. Wannan ne ya sa labarinsa ya shafe mu.

Kan jirgin nan bai ɓata ba. An ajiye shi a tashar jirgin ƙasa ta Minna. To, yaranmu nawa suka san da shi?

Ku malaman makarantun Gwammaja, kuna kai ɗalibai Gidan Mambayya, kuna kai su Gidan Makama. Madalla. Ina roƙonku, ku haɗa da Minna, su ga kan jirgin da idonsu.